Daga Nima har Salaga da Baffa: inda ya kamata a kai baƙon da ya zo Gana karon farko

Sati biyu kenan da dawowarmu amma har yau jar ƙurar arewa ba ta gama fita daga jakata ba. Tun da muka dawo mutane ke tare ni a bakin masallaci a Nima, unguwarmu a Akra, wai ina da ina ka kai baƙon nan naka, mu ma muna da masu zuwa. To ga yadda muka yi.

Baffa ɗan ƙanin kakanmu ne. A 1969 da gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin sati biyu, kakanmu ya tsaya, ƙaninsa kuwa ya kwashi iyalinsa ya koma Kano, can aka haifi Baffa. Ya tashi yana jin Kumasi da Gwanja da Ankara a bakin mahaifinsa, don tsofaffinmu Ankara suke ce wa Akra, amma bai taɓa tako ƙasar ba sai bana. Ta mota ya zo, Legas, Seme, Kwatano, Lome, ya shigo ta Aflao, na tarbe shi a Tudu ƙafafunsa duk sun kumbura don zama.

Kwana biyu muka yi a Akra, kuma ni a ganina kwana biyun sun isa. Da safe na kai shi wajen mai waakye ta layinmu, ya leƙa tukunya ya ce kai ɗana ai wannan shinkafa da wake ce, me ya sa ta yi ja haka? Na ce karan dafi ne Baffa, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka. Aka zuba masa a ganye da shito, soyayyen yajin nan namu, da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda, sidi 30, ya ci yana share gumi don shiton matar nan ba ya wasa. Ran Juma'a muka yi sallah a babban masallacin ƙasa na Kanda wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, da yamma muka je inda kabarin Nkrumah yake, muka bi ta dandalin Black Star ya tsaya ya daɗe yana kallon teku. Shi kenan. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne baƙo zai yi doguwar tafiya ya zo, a ajiye shi tsakanin manyan shagunan zamani da bakin ruwan Labadi da gidajen biki, ya yi wata guda ya koma ya ce ya ga Gana, alhali ko Kasoa da ke bakin Akra bai wuce ba.

Ran Asabar bayan sallar asuba muka nufi tashar Kaneshie muka shiga motar Cape Coast, sidi 90 kowa. Duk wanda zai bi hanyar nan ya yi sammako, in rana ta fito maka kafin ka wuce Kasoa to sai dai haƙuri da cunkoso. Da na ce wa Baffa sunan garin kasuwa ce kawai aka lanƙwasa, sai ya gyara zama ya fara karanta allunan bakin hanya yana neman wata Hausar. Muka wuce mararrabar Winneba, muka wuce Mankessim, kafin azahar muna Cape Coast.

Na taɓa shiga tsohon gidan da Turawa ke tsare bayi a garin tun ina makaranta, amma shiga da dattijo daban ce. Mai yi mana bayani ya gangara da mu kurkukun maza, ƙarƙashin ƙasa, duhu, iska sai ta wasu 'yan ƙananan ramuka can sama, ya ce mu dubi abin da muke takawa, ba asalin daɓen ba ne, ƙazantar mutanen da aka cusa ciki ce ta taru shekara da shekaru ta daskare ta zama kamar dutse. Sai ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ba wanda ya yi tari. Na ji hannun Baffa ya kama gefen rigata yana salati ƙasa-ƙasa. Da muka fito aka nuna mana cewa daidai saman kurkukun nan Turawan suka yi ɗakin ibadarsu, suna addu'a a sama mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Daga nan sai ƙofar da in an fita da mutum ba ya dawowa, ita Obama ya zo ya tsaya a bakinta a 2009, kana fita sai ga masunta da kwale-kwalensu masu fenti kala-kala suna gyaran koma, yara na wasa a rairayi. Baffa ya zauna kan wani dutse ya ce, Turawan nan Allah ya isa. Ban ce komai ba, don na san inda zan kai shi nan da 'yan kwanaki.

Elmina ba nisa, mun je da yamma, Turawan Fotugal ne suka gina nasu gidan a 1482, daga baya mutanen Holan suka ƙwace. In lokaci ya ƙure wa mutum ɗaya daga cikin biyun ya isa, zuciya ma ba ta ɗaukar biyu a rana guda. Masauki muka samu na sidi 250, ɗaki mai fanka, sai dai da dare ruwan famfo ya ɗauke aka kawo mana a bokiti, ga sauro, don haka kar a manta da maganin sauro na shafawa. Batun abinci kuma, in baƙonka mai kiyaye abin da zai sa a baki ne irin Baffa, a kudu ka tsaya kan kifi, ko ka tambayi inda zango yake. Babu garin da za ka shiga a ƙasar nan ka ce ina zango a rasa mai nuna maka, can za ka samu masallaci da mai shayi da naman da ka san Musulmi ne ya yanka. Daren nan dokunun Fante muka ci da soyayyen kifi da barkono, Baffa ya ɓare ganyen ayabar da aka naɗe shi ya shinshina ya ce tuwo ne da ya kwana ya yi tsami, amma ya cinye ƙulli guda tas.

Washegari gandun dajin Kakum. Gada ce ta igiya da katako da aka rataya tsakanin manyan itatuwa, guda 7, a haɗe kusan mita 350, in ka leƙa ƙasa ba ka ganin ƙasar sai kan bishiyoyi. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, nan da kusan duk irin wuraren nan, a riƙe wannan a lissafi. Baffa ya hau ta farko da ƙarfin hali, yana kaiwa tsakiya ta fara lilo sai ya tsaya cak, hannu biyu a igiya, hularsa ta karkace, yana Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ga 'yan makaranta a bayanmu suna jira. Na ce Baffa kar ku dubi ƙasa, ku dubi ƙeyata kawai ku biyo ni. Haka muka bi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Da muka sauka ya sha ruwan kwakwa biyu, ya ce shi da ya tashi inda kake hango mutum tun daga nesa bai taɓa sanin akwai dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa ba. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa kam ban ba shi shawarar hawa ba, don kafin ma ka kai gadar akwai tudu mai jan numfashi.

Hanyar Cape Coast zuwa Kumasi ta Assin Fosu babu abin faɗa sai ramuka da gonakin koko, muka isa da la'asar.

A Kumasi ba mu biya kuɗin masauki ba, gidan gwaggona a Aboabo muka sauka, kuma nan ne tafiyar ta fara sauya wa Baffa. Bayan magariba aka kai shi gaisuwa wajen wani tsoho da ya haura tamanin, ashe ya san mahaifinsa, tare suka yi aikin ɗaurin goro suna samari. Tsohon ya kama hannunsa ya ƙi saki, yana faɗin laƙabin da suke kiran uban da shi, wanda Baffa bai taɓa jin kowa ya faɗa ba sai kakarsa. Suka raba dare suna hira, Baffa da Hausarsa ta Kano, tsoho da tamu ta zango wadda mace ma ya zo muke ce mata, ga Turanci da Tuwi, yaren Asante, sun shiga ciki, amma ba wanda ya nemi tafinta. Da za mu tashi tsohon ya ce, ka gaida gida, amma ka sani nan ma gida ne.

Da safe muka shiga Kejetia, kasuwar da in ka saki hannun abokin tafiyarka sai dai ku haɗu a gida. Baffa ɗan kasuwar Kwari ne, ba a burge shi da girman kasuwa, amma ya yi ta mamakin yadda mata ne ke riƙe da komai, su ne masu kaya, su ne masu kuɗi, kowane layi da shugabarsa. Daga nan sai Manhyia, fadar Sarkin Asante. Gidan tarihin da ke ciki Ingilishi ne suka gina shi a 1925 wa Sarki Prempeh na ɗaya bayan ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi zaman dole, a ciki akwai mutum-mutumin sarakuna da na Yaa Asantewaa, matar da ta ja yaƙi da Turawa a 1900. In Allah ya sa zuwan baƙonka ya dace da Akwasidae, wanda ake yi ran Lahadi duk bayan sati shida, to kar ka bari ya wuce shi, ranar Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ke fitowa ya zauna a karɓi gaisuwa da tambura da manyan laimomi da zinariya. Mu mun saɓa da kwana tara, ya ba ni takaici sosai, da na duba lissafin tun farko da na gyara ranar tashinmu.

Yawancin mutane daga Kumasi suke juyawa da baƙo. Ni kuwa na ce in Bahaushe ne baƙon, a nan ma tafiyar ta fara.

Muka ɗauki motar arewa da sassafe. Bayan Techiman daji ya fara buɗewa, bayan Kintampo kuwa sai ga kaɗanya da kuka da doya an jera ta a bakin hanya kamar itacen girki, iskar hunturu ta bushe mana leɓe, Baffa ya sauke gilashi ya ce yanzu na ji ƙanshin gida. Shingaye sun fi yawa a wannan hanyar, 'yan sanda, kwastam, 'yan shige da fice. A wani shingen aka ce kowa ya fito da katinsa, na miƙa Ghana Card, Baffa ya miƙa fasfonsa na ECOWAS, jami'in ya duba hatimin Aflao ya tambaye shi ina za shi, ya ce Salaga wajen kakanni, mutumin ya yi murmushi ya ce da Hausa, a sauka lafiya Alhaji. Ko sisi ba a karɓa ba. Amma fa baƙo ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara a aljihu, ba a cikin jakar da ke but ba, kuma ni ban yarda da tafiyar dare a tsakanin Kintampo da Buipe ba, a yi ta da rana. Mun haye Baƙin Volta a Buipe, motar tamu ta yi faci gaba kaɗan muka yi awa biyu a rana ba inuwa, wata 'yar Fulani mai tallar wagashi da fura ce ta cece mu. A mararrabar Fufulso muka sauka muka shiga ta Damongo, daga can zuwa Larabanga.

Masallacin Larabanga ƙarami ne, ya fi yadda yake a hoto ƙanƙanta, farin gini na ƙasa da sanduna sun fito ta jikinsa, ga tsohuwar kuka ta jingina da shi, mutanen garin na cewa tun 1421 yake. Ƙofofinsa gajeru ne sai ka sunkuya, wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa. Mu muka yi alwala muka shiga muka yi la'asar, ciki sanyi kamar randa, Baffa ya daɗe a zaune bayan sallama yana shafa bango da tafin hannu. Gaskiya ɗaya, kana sauka samari za su kewaye ka kowa na son ya zama shi ne mai yi maka jagora, kar ka yi faɗa da kowa, ka zaɓi ɗaya ku yi magana kan abin da za ka ba shi tun kafin ku taka. A garin muka kwana don ya fi cikin gandun Mole araha nesa ba kusa ba, tuwon zafi da miyar ayoyo muka ci, wanda duk Gana ke kira TZ.

Ƙarfe bakwai na safe ake fita zagayen ƙafa a Mole da ma'aikaci mai bindiga, kuma sai da rufaffen takalmi, Baffa da ya zo da silifas sai aron but ya yi. Mun ga gadu da 'ya'yansa, mun ga mariya, gwaggon biri kuwa har ya fizge ledar burodi a hannun wata Baturiya. Muna gangarawa wajen tafki ma'aikacin ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya. Giwaye uku, ɗaya na karya reshe da hanci kamar mai karya rake, kana jin ƙarar taunarsa da hucinsa, fatarsa duk busasshen taɓo. Ba keji, ba waya, tsakaninmu bai fi tsawon filin ƙwallo rabi ba. Baffa ya cire hula ya riƙe a ƙirji ya ce Subhanallah, giwar da nake karantawa a Alam tara kaifa. In za a kawo baƙo a kawo shi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin ruwa ya janye dabbobi na taruwa a tafki.

Tamale kwana ɗaya kawai muka yi, garin babura, mata da goyo a kan babur ko'ina, muka wuce Salaga.

Wanda bai san tarihi ba zai ce me aka zo gani a nan, gari ne shiru mai ƙura. Amma wannan ita ce Gwanjar da ake faɗa. Goro ba a nan yake fita ba, a kurmin Asante yake, sai dai nan ake kawo shi, nan ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke sauka bayan watanni a hanya ta Borgu da Yendi, da jakuna da kanwa da fatu da tufafi, madugu a gaba, su koma da huhunan goro. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin, fatake da malamai suka bazu Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi har Akra. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934, nan ya zauna kafin yaƙin. Yawancin zangunan da muke taƙama da su yau, in ka bi saiwarsu nan za ta kawo ka. Baffa na tafe yana murna, yana jin unguwa mai suna Unguwar Malam, yana gaisawa da tsofaffi a bakin masallaci.

Sai mai yi mana jagora ya kai mu inda kasuwar bayi take a da, yanzu wajen tashar mota ne, daga nan ya fita da mu bayan gari wajen rijiyoyi, ramuka birjik a cikin ciyawa wasu har yanzu da ruwa. Baffa ya tambaye shi sunan wurin. Ya ce Wankan Bayi. Nan ake wanke su a shafa musu man kaɗe su yi sheƙi kafin a kai su kasuwa. Ya ce akwai kuma inda ake jefar da waɗanda suka mutu, Rafin Angulu. Baffa ya ce da wane yare? Yaron ya ce ai kun ji da kunnenku Alhaji. Na ga fuskar Baffa ta canza. A Cape Coast da yatsa ya nuna Turawa, nan kuwa sunayen da harshenmu aka raɗa su, ba wanda ya fassara mana. Ya tsuguna a bakin wata rijiya ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, can ya ce, ɗana, ashe ayarin da babana ke ba mu labari ba goro kaɗai ya sani ba. Na ce haka ne Baffa, shi ya sa ban tsaya da ku a bakin teku ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo wa waɗanda aka wanke a wurin, ya nema wa na gaba gafara, muka shafa, yaron ma ya shafa. Har muka koma masauki bai ƙara magana ba, abincin dare ma shayi kawai ya sha.

Dawowa ba mu koma ta Tamale ba, tsohuwar hanyar goro muka biyo. Daga Salaga zuwa Makango a bakin tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta tara tun shekarun 1960, muka yi zaman jiran jirgin fito fiye da awa uku. Masu ƙananan jirage na katako sun yi ta kiranmu amma na ƙi, don akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a ƙasa, ga lodi fiye da kima, ban ɗauko amanar mutane daga Kano don in yi ganganci da ita ba. Babban jirgin ya zo aka loda motocin doya da shanu da mu, sama da awa ɗaya muna kan ruwa kafin Yeji, garin da ƙanshin banda ke tarbarka tun daga gaɓa. Daga nan Atebubu, Ejura, Mampong, Kumasi, muka kwana Aboabo, washegari Akra.

Kwana goma cif, mu biyu, mota da masauki da abinci da kuɗin shiga wurare, abin da ya fita daga hannuna ya kusa sidi 6,000, kuma da ba don gidan gwaggo ba da ya fi haka. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda ƙauyuka, sauran a bar su a MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Wanda ba shi da kwana goma, in biyar gare shi, ya yi Cape Coast da Kumasi. In ya samu bakwai ya bar Kakum ya ƙara Larabanga da Mole. In kuwa jininmu ne, ko me za a yanke a cikin tafiyar kar a yanke Salaga.

Ran da zai koma na raka shi Tudu da jakarsa da ƙullin shito kwalba uku da yadin kente da ya saya wa Hajiya, da ɗan huhun goro da tsohon nan na Aboabo ya aiko masa. Har mota ta tayar ya leƙo ta taga ya ce in ajiye masa lambar yaron Salaga, baɗi in Allah ya kai mu da manyan 'ya'yansa biyu zai dawo.